Kwalbar giya da ikon binciken mota a Daura

Idan ɗan sanda ya hango buɗaɗɗiyar kwalbar giya a kujerar motar da aka ajiye kusa da rijiyar Kusugu, yana iya bincikar motar ba tare da takardar kotu ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yarda da haka muddin zargin yana da tushe, kuma a jihar Katsina, wadda ta rungumi shari'ar Musulunci a 2000, shan giya laifi ne ga Musulmi. Sai dai ikon yana da iyaka. Wajibi ne jami'in ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema kafin ya buɗe but ɗin motar, kuma shigar mutum ko askinsa ba hujja ba ce. Wayar direba kuwa, ganin kwalba bai halatta bincikarta ba, domin sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa.