Matan Bama Da Takardar Sunaye

'Yan'uwa ɗalibai, in aka ce zaman lafiya a Borno, hankalinmu kan tafi wajen hafsoshi da gwamnoni. Mu kuwa muna ganin akwai waɗansu da ya kamata a fara ambata kafin su, watau matan ƙauyukan Bama.

A shekarar 2015, sa'ad da soja suka ƙwato Bama daga hannun Boko Haram, mutanen ƙauyuka suka yi ta kwarara zuwa gari neman mafaka. Aka ware maza da yawa bisa zargi, aka kai su barikin Giwa a Maiduguri, aka bar matan a sansani, ga yunwa ga goyo. Babu takarda, babu shari'a, babu mai gaya wa mace ko mijinta yana da rai.

To, matan nan ba su zauna kuka kaɗai ba. Suka haɗu suka kafa ƙungiya mai suna Knifar, da taimakon Hajiya Hamsatu Allamin, malamar nan ta Maiduguri. Galibinsu ba su taɓa shiga aji ba, amma suka yi abin da ofisoshi suka kasa: suka bi tanti tanti, suka sa aka rubuta sunan kowane mutum da aka kama, da sunayen waɗanda suka rasu a sansani. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mutumin da ba a rubuta sunansa ba, da sauƙi a ce ba a taɓa ganinsa ba. Takardar nan suka ɗauka har gaban kwamitin bincike da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2017. A watan Yuli na 2021 soja suka sallami mutum fiye da 1,000 da aka wanke, cikinsu har da mazajen waɗansu 'yan ƙungiyar, bayan shekara shida.

Ga inda maganar ta shafe mu. Gobe mu ne akawuna da sakatarori a ma'aikatu, kuma teburinmu irin wannan takarda za ta fara sauka, da rubutun hannu, wataƙila ba hatimi, ba lauya a bayanta. Mun san halin ofis: a ce wa mace ta komo mako mai zuwa, har kuɗin motarta ya ƙare. Lalle ne mu karɓa, mu shigar a rajista, mu ba ta lambar fayil, kana mu gaya mata ofishin da zai amsa da ranar da za ta komo.