Darasin Argungu Ga Mutanen Gulbin Zamfara

Duk wanda ya ji zancen bikin kamun kifi na Argungu, abin da ke faɗo masa a rai shi ne giwan ruwa da kyautar da ake ba wanda ya kama mafi girma. A ganina, ribar bikin tana bakin ganga, wurin masu saye da sayarwa.

An faro bikin a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya. Su ɗin kansa a Matan Fada bai wuce kimanin awa guda ba, amma masunta da 'yan kallo kwanaki suke yi a gari. Kowa sai ya ci, ya kwana, ya hau mota. Nan mai tuwo da mai tsire, da masaƙin homa da mai sayar da gora, kowa ke samun rabonsa. Mutum guda ke lashe babbar kyauta, alhali ciniki na dubbai ne.

Bayan bikin 2009 ba a sake yi ba sai 2020. Talakan da ya saba jiran wannan kaka shi ya ɗanɗana kuɗar waɗannan shekaru.

To, mu fa? Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi, kuma su ba baƙon abu ba ne wurin iyayenmu. Me zai hana ƙananan hukumomin nan uku da masarautunsu su haɗa kai su tsayar da ranar su guda kowace shekara? Sai dai da sharuɗɗa. Baƙo ba ya bin hanyar da 'yan bindiga suka tare. In kuma babu masauki, zai yi kallo ya koma Gusau ko Sakkwato da kuɗinsa a aljihu. Gulbin ma sai Sarkin Ruwa ya hana kamu na wasu watanni kafin kifi ya girma.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne a ofisoshin da za a tsara kasafi. Idan ranar ta zo, kada mu zuba dukiyar jama'a kan rumfar manyan baƙi. Mu fara da tsaro, da hanya, da rumfunan kasuwa domin 'yan gari. Allah Ya sa mu dace.