Ƙwayar kasuwa ba ta maganin mafarkin ido biyu

Ɗan'uwa mai karatu, ka san irin wannan mutum a garinku. Yana zaune cikin jama'a, amma hankalinsa ba ya nan. A zuci ya gina gidan siminti, ya sayi mota, ya auri ƴar sarki. Yana murmushi shi kaɗai. Hauya tana ajiye, haki ya cinye gero. In mace ce, tuwo na ƙonewa, ita tana wata duniya.

Kowa yakan yi irin wannan saƙe-saƙe, kuma ba laifi ba ne. Amma in ya cinye rabin yini kullum, mutum yana so ya bari ya kasa, to abin ya zama damuwa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Eli Somer, na jami'ar Haifa, shi ya raɗa wa abin suna a shekarar 2002. Masana suna ta bincike, amma babu wata ƙwaya da aka yi musamman dominsa.

To, ina mai tallar magani ya samo tasa?

Dube shi ranar kasuwa. Ƙwayoyi cike da tire, rana na dukansu, ƙura na hawansu. Bai taɓa karatun aikin likita ba. Ka ce masa ɗanka ya cika tunani, nan take ya ƙirgo maka ja biyu, shuɗi uku. Me ya ba ka? Tiramol maganin ciwo ne mai tsanani. Yana kama jiki, kuma in an sha da yawa yana kada mutum kamar mai farfaɗiya. Diyazefam yana sa barci da kasala, mai shansa kullum da wuya yake bari. Ka je neman sauƙin cuta ɗaya, ka komo gida da biyu.

Wani zai ce: "Ai ya sha, ya samu sauƙi." Wane sauƙi? Barci ya yi! Gobe tunanin zai komo, ga kuma ƙishirwar ƙwaya. Wani zai ce gidan likita da nisa, ga tsada. To, ƙirga abin da ka ba mai tire tun daga kaka har bazara. Tiya nawa ta gero ka sayar?

Ba mu ce magani ba shi da amfani ba. Sau da yawa akwai wata cuta ƙarƙashin wannan mafarki: baƙin ciki mai nauyi, ko fargaba, ko waswasi. Waɗannan suna da magani na gaskiya. Likita ne ke rubuta shi, kuma yakan yi makonni kafin ya fara aiki. Akwai kuma yaron da ke ƙura ido na ɗan lokaci kaɗan, a kira shi bai ji ba, sa'an nan ya farga bai san abin da ya faru ba. Wannan yana iya zama wani irin farfaɗiya, kuma tiramol ƙara masa haɗari zai yi. Mai tire ya san wannan bambanci?

Saboda haka, kai ɗanka gidan likita mafi kusa, wato CSI. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ku babban asibiti, a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai.

A gida ma akwai aiki. Kaɗaici da zaman banza na rani su ne takin wannan mafarki. Kada ku yi masa dariya, kada ku ce da shi mahaukaci. Ku ja shi aikin gayya, lambun rani, da ajin yaƙi da jahilci. Ya rage kaɗaita da kiɗan salula a kunne, don kiɗa yana tada abin ga mutane da yawa.

Kai da ka iya karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan kafin kasuwa ta ci.