Kasuwar Duniya da Manomin Kabo

Manomin da ya je sayen takin zamani a kasuwar Kabo ko ta Gwarzo a damunar 2022 ya tarar kuɗin buhu ya yi tsalle, alhali kuwa ba abin da ya haɗa shi da Rasha ko Yukren. To, ruwa ba ya tsami banza. Rasha tana cikin manyan ƙasashe masu sayar da taki, kuma da yaƙi ya ɓarke tsakaninta da Yukren a watan Fabrairu na wannan shekara, sai tsada ta biyo jiragen ruwa har ta iso gonakinmu.

Abin ya daɗe. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta ɗaure manomin ƙasar nan da kamfanonin matsar mai na Turai. Da kasuwannin Amurka suka rushe a 1929, Turawa suka rage saye, farashin gyaɗa ya faɗi warwas, mai karɓar haraji kuwa bai fasa zuwa ba.

Daga baya man fetur ya gaji gyaɗa. Farashinsa ya hau a 1973, kuɗi suka kwararo, aka juya wa noma baya. Amma da masana'antun Turai da Amurka suka yi sanyi a farkon shekarun 1980, sai buƙatar mai ta ragu. A watan Afrilu na 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Ma'aikata suka yi watanni ba albashi, masana'antun Bompai da Sharaɗa suka rasa kayan aiki daga waje, suka shiga sallamar leburori.

Dalilin a fili yake. Idan mai saye ya talauce, mai sayarwa ma ya shiga uku, balle wanda hajarsa guda ɗaya ce tak. Haka yake tsakaninmu da maƙwabta: da aka rufe iyakar Nijar a 2019 da kuma 2023, 'yan kasuwar Dawanau da na Maraɗi duka sun ji a jikinsu.

A ganina, hawa da saukar kasuwar duniya ba laifin kowa ba ne a nan. Laifinmu shi ne cinye rarar shekarar yalwa. An buɗe asusun rarar man fetur a 2004, amma aka yi ta ɗiba har ya kusa ƙarewa.

Saboda haka ya kamata hukumomi su mayar da tanadi doka wadda ba mai taɓawa sai ranar wuya, su taimaki manoman Kabo da Gwarzo su riƙa matse gyaɗarsu da sarrafa hatsinsu a gida, su kuma bar hanyar ciniki da maƙwabta a buɗe. Ɗalibai da ma'aikatan gwamnati kuwa, su riƙa bin labarin kasuwannin waje da idon basira, don kuwa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.