Ba kowane bambanci ne ya cancanci jan biro ba

Littattafan koyon Turanci da ake sayarwa a bakin makarantu cike suke da jerin kalmomi biyu-biyu da aka ce ɗalibi ya kiyaye kada ya cakuɗa su: borrow da lend, rob da steal, less da fewer. Ana jera su a shafi ɗaya kamar nauyinsu ɗaya ne, mai shirin jarrabawar WAEC ko JAMB ya haddace su ba tare da an gaya masa wanne ya fi muhimmanci ba. A ganina nan gizo ke saƙa. Wasu bambance-bambancen suna sauya wanda ya yi abu da irin abin da aka yi, wasu kuwa ƙa'ida ce da wani ya zauna ya ƙirƙira don haka ya fi masa daɗi a kunne.

Ɗauki borrow da lend. Bahaushe ba ya damuwa da raba mai bayarwa da mai karɓa da kalma dabam, domin ginin jimla ya wadatar: na ari keke, na ara masa keke. Abin da ya dame shi shi ne raba aro da rance, wato abin da za a mayar da shi kansa da abin da za a biya da kwatankwacinsa. Turanci bai kula da wannan ba, ya tsaya kan inda abin ya fito da inda ya nufa. Shi ya sa yaranmu ke amfani da borrow a wajen lend, kuma a takardar yarjejeniyar bashi wannan tuntuɓe na iya mayar da mai bin bashi wanda ake bi. Haka rob da steal, waɗanda suka yi kusa da fashi da sata. Ɗan jaridar da ya kira ɓarawon akuya da sunan ɗan fashi ya ɗora masa laifin da a dokar Nijeriya, idan da makami ne, hukuncinsa kisa. Irin waɗannan, wato rukuni na farko, su ne ya kamata malami ya tsaya a kansu har sai sun zauna.

Akwai rukuni na biyu, wanda asalinsa tarihi ne. Bayan da Normandawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensu ya zama na fada da kotu na tsawon ƙarnuka, talakawa kuwa suka ci gaba da nasu. Sai kalmomi suka zauna biyu-biyu: dabba a garke cow ce ko sheep, namanta a akushi beef ne ko mutton, ask ta gida ce, inquire ta ofis. Ma'anar kusan ɗaya ce, wurin amfani ne ya bambanta. Mai jin Hausa ya san wannan sarai, tunda ba ya cewa mahaifin wani ya mutu idan zai iya cewa ya rasu, kuma ba ya cewa jaki ya rasu. Jeri ba ya koyar da irin wannan, sai yawan karatu da sauraro.

Sai rukuni na uku, wanda ake ɓata wa lokaci fiye da kima. Ƙa'idar nan da ke cewa fewer ta abin da ake ƙirgawa ce, less ta abin da ake aunawa, ana danganta ta da wani marubuci, Robert Baker, wanda a 1770 ya faɗi abin da shi ya fi so, daga baya masu nahawu suka mayar da shi doka. Turawa kuwa sun shafe sama da shekara dubu suna amfani da less a kan abin ƙirga, tun zamanin sarkinsu Alfred. A 2008 kamfanin Tesco na Birtaniya ya sauya allunan layin masu kaya kaɗan, waɗanda ke ɗauke da kalmar less, saboda ƙorafin masu tsaron nahawu, alhali babu mai sayayyar da ya kasa gane layin da zai bi.

Za a ce mai gyara takardar jarrabawa ba ruwansa da tarihi, zai ja jan biro ne kawai. Gaskiya ne, kuma ban ce a daina koyar da ƙa'idar ba. A koyar da ita a minti biyar, a gaya wa yaro cewa ladabin rubutu ce, a wuce. Wasu kuma za su ce tunda ƙamus ɗin Oxford ya karɓi kalmomin Turancin Nijeriya 29 a Janairun 2020, har da Kannywood da okada, me zai hana a bar mu mu yi amfani da borrow yadda muka ga dama? Amsar ita ce waɗancan kalmomi sun ƙara wa Turanci abin da ba shi da shi, shi kuwa haɗe borrow da lend ragi ne. A hirar majalisa kowa zai gane daga yanayin magana. A gaban alƙali takardar kaɗai za a karanta, kuma wanda ya rubuta ta ba lallai ne yana wurin ba balle ya yi bayani.