BUSHEWAR IDO: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Ko wace shekara idan hunturu ya kama, tun daga wajen ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris, ba wanda a ke koya wa abin da zai yi da fatar jikinsa. Leɓe ya tsage, a shafa man kaɗe. Ƙafa ta yi faso, a nemi basilin. Yaro ya yi fururu, uwarsa ta kama shi ta mulke da mai. Amma akwai wata gaɓa wadda iskar nan ta ke busarwa kamar yadda ta ke busar da leɓe, ba kuwa mai kula da ita sai ta kai ga hana aiki, ita ce ido. Mu da ku, malaman makaranta da akawuna, ido shi ne fartanyarmu, da shi mu ke noma abincinmu. Saboda haka muka ga ya kamata mu yi magana a kan ciwon nan da likitoci su ke kira bushewar ido. Ra'ayinmu kuwa shi ne, yawancin maganinsa yana cikin yadda mu ke zama a ofis da aji, da yadda mu ke amfani da idanunmu, abin da ya saura kuma na likitan ido ne. Kwalbar da a ke saye a kemis ba tare da gwaji ba, sau da yawa ita ce ta ke mai da ƙaramin ciwo babba.

Kafin mu yi nisa, bari mu bayyana yadda Allah ya tsara hawaye, domin wanda bai san wannan ba ba zai gane ciwon ba. Hawaye ba na kuka kaɗai ba ne. Ko yaushe akwai wani siririn ruwa shimfiɗe bisa ƙwayar ido, abu uku ne kuwa suka haɗu suka yi shi. Na farko yauƙi, wanda ya ke manne ruwan a jikin ido. Na biyu ruwan kansa, wanda ya ke fitowa daga wata maɓuɓɓuga a saman ido ta wajen gefe, ƙarƙashin ƙashin gira. Na uku maiƙo, wanda ya ke tsatsowa daga waɗansu 'yan ƙananan maɓuɓɓugai da ke jere a bakin fatar ido, bayan gashin ido, kamar 20 zuwa 40 a ko wace fata. Wani likitan Jamus, Heinrich Meibom, shi ya bayyana su a 1666, har yau da sunansa a ke kiransu. Maiƙon nan shi ne murfin randa. In akwai murfi ruwa ya daɗe; in babu, iska ta shanye shi. Ko wace ƙiftawa kuma tana shimfiɗa sabon ruwa da sabon maiƙo, tsohon ya gangara ta wata 'yar ƙofa da ke kusurwar ido ta wajen hanci. Abin da ya sa mai kuka ya ke jan majina ke nan.

To, bushewa iri biyu ce. Ko dai ruwan ya yi kaɗan tun daga tushe, ko kuwa ruwan yana nan amma yana ƙafewa da sauri domin maiƙon ya gaza. Ta biyun nan ita ta fi yawa. Mai ciwon ya kan ji kamar an zuba masa yashi, ko yaji, ko zafi kamar na hayaƙi. Idon ya yi ja, fatar ta yi nauyi, rubutu ya riƙa yin dishi-dishi, in ya ƙifta ya washe, jim kaɗan ya koma. Ga kuma abin da ya ke ruɗa mutane: ido mai bushewa ya kan yi ta zub da hawaye. Dalili kuwa shi ne, idan bushewa ta dami ido sai ya kwararo da ruwa tsura wanda ba shi da isasshen maiƙo, ruwan ya zube bisa kunci, idon ya koma yadda ya ke. Saboda haka kada wani ya ce, "Ina bushewa ga idon da ba ya rabuwa da hawaye?" Ya kamata kuma a rarrabe shi da Afolo, ciwon nan mai yaɗuwa wanda ya ɓulla a Gana a 1969, shekarar da aka sauka a duniyar wata, har ya ci sunan kumbon. Afolo ya kan auko farat ɗaya, ya bi gida ya bi aji, ya wuce cikin mako ɗaya ko biyu. Bushewar ido ba a ɗaukarta daga wani, a hankali ta ke shigowa, ba ta kuwa saurin tafiya.

Ba mu kaɗai ya dama ba. Wani babban rahoto da masanan ido na ƙasashen duniya suka fitar a 2017 ya nuna cewa, gwargwadon ƙasa da irin gwajin da aka yi, masu ciwon su kan kai daga kashi 5 har zuwa kashi 50 cikin 100 na jama'a. Amma mu a nan abubuwa da yawa sun taru a kanmu. Iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da rana kuma damshin iska a garuruwa irin su Kano da Sakkwato ya kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ga ƙurar alli a aji, ga hayaƙin itace a madafa, ga iskar babur ga wanda ba shi da tabarau, ga fanka da na'urar sanyaya ɗaki suna hura fuska a ofis. Bisa dukan wannan kuma ga waya da kwamfuta. Mutum ya kan ƙifta ido kamar sau 15 a minti ɗaya, amma idan ya ƙura wa allon kwamfuta ko na waya ido sai ƙiftawar ta ragu zuwa sau 5 ko 7, wadda ya ke yi ɗin ma sau da yawa ba ta cika ba. Akawun da ya wuni yana buga takardu, malamin da ya kwana yana duba jarrabawa, sa'an nan ko wannensu ya kwanta da waya a hannu, ina idonsa ya sami hutu?

Akwai kuma dalilan da ke cikin jiki. Shekaru suna rage hawaye, mata kuwa sun fi maza kamuwa, balle bayan al'ada ta ɗauke. Ciwon sukari yana kawo shi, haka wani irin ciwon sanyin gaɓɓai. Akwai wata cuta da likitan Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana a 1933, wadda ta ke busar da ido da baki tare, kusan tara cikin goma na masu ita mata ne. Waɗansu magunguna ma suna busar da ido, misali Piriton da a ke sha don mura da ƙaiƙayi, da waɗansu na hawan jini masu sa fitsari. Ga yara kuwa, bushewar ido tare da dundumi alama ce ta ƙarancin bitamin A, wannan ba abin jinkiri ba ne, domin yana iya makantar da yaro, musamman bayan ƙyanda. Amosanin ido kuma idan ya daɗe ya kan bar tabo a cikin fatar ido, ya lalata maɓuɓɓugan nan, har gashin ido ya juya ciki yana gogar ƙwaya.

Mun san akwai masu cewa, "Kai, wannan ai ƙaramin abu ne, kakanninmu sun sha hunturu ba su mutu ba." Gaskiya ne bushewar ido ba ta kisa, ba ta kuma cika makantarwa ba. Amma kakanninmu ba su wuni suna kallon kwamfuta a ƙarƙashin fanka ba. Sa'an nan a duba asarar da ta ke jawowa a ɓoye. Akawun da lambobi su ke yi masa dishi-dishi da la'asar, shi ne zai rubuta 3 a wurin 8. Malamin da idonsa ke yaji, shi ne zai duba littattafai goma ya ture sauran talatin. Ɗalibin da ya ke murza ido a aji sai a ce malalaci ne, alhali karatun ne ya ke yi masa zafi. Idan kuma bushewa ta yi tsanani aka ƙyale ta, tana iya ƙuje gaban ƙwayar ido har gyambo ya shiga.

Wanda ya fi damunmu shi ne mai gaggawa. Ido ya yi ja, sai a aika yaro kemis ya sayo maganin ɗigawa. Da yawa daga cikin irin waɗannan kwalabe suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, irin su deksametason. Kwana biyu ja ya tafi, mutum ya ce ya sami magani, ya yi ta ɗigawa wata da watanni. Alhali kuwa daɗewa a kan irin wannan magani yana iya ta da ƙarfin ruwan cikin ido har ya kashe jijiyar gani, watau gilakoma, ganin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya dawowa. Yana kuma kawo yanar ido. Waɗansu kwalaben kuma aikinsu kawai su matse jijiyoyin jini ido ya yi fari, da an daina sai ja ya dawo fiye da dā. Haka nan masu ɗiga ruwan sukari, ko nonon mace, ko ruwan ganye, suna shigar da ƙwayoyin cuta da hannunsu. Kwalli ma, ko da ya ke ado ne na gado, yawancinsa akwai dalma a ciki, dalma kuwa guba ce, balle ga jarirai, kuma a daidai bakin maɓuɓɓugan maiƙo a ke zizara shi. Irin wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

To, mene ne abin yi? Mu fara da abin da ba ya cin kwabo. Duk mai aikin ƙura ido, ko wane minti 20 ya ɗaga kai ya dubi wani abu mai nisan kamar ƙafa 20, watau mita 6, har daƙiƙa 20, ya kuma ƙifta ido cikakkiyar ƙiftawa sau da yawa. A sauke allon kwamfuta ƙasa da saitin ido kaɗan, domin mai duban ƙasa fatar idonsa tana rufe yawancin ƙwayar. A kau da fanka daga fuska. Mai hawan babur ya sa tabarau mai rufe gefe. Da safe ko da dare a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ɗora bisa ido a rufe minti 5 zuwa 10, ana sake jiƙawa in ya huce, sa'an nan a shafa fatar a hankali zuwa wajen gashin ido, a goge bakinta. Ɗumin nan yana narkar da maiƙon da ya daskare, kamar yadda rana ta ke narkar da man shanu. A sha ruwa isasshe, a yi barci isasshe. Yara kuma a ba su manja, da karas, da zogale, da alayyafo, da gwanda, da mangwaro, da hanta, da ƙwai, a kuma kai su karɓar bitamin A idan ma'aikatan lafiya sun zo.

Idan wannan bai isa ba, akwai ruwan ɗigawa mai kwaikwayon hawaye, wanda ba shi da sitiroyid. Wanda ya ke bukatarsa fiye da sau 4 a rana, gara ya nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin nan shi kansa yana damun ido in ya yi yawa. Kada kuma a zub da kuɗi wajen ƙwayoyin man kifi da zaton su ne maganin: wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna ba su fi ƙwayoyin man zaitun da aka gwada su da su amfani ba.

Wanda ya yi makonni bai sami sauƙi ba, sai ya tafi wurin likitan ido. Gwajin ba shi da wuya. Akwai wanda Otto Schirmer ya ƙago a 1903: a maƙala 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa minti 5, in abin da ya jiƙe bai wuce milimita 5 ba, ruwan ya yi kaɗan ƙwarai. A kan kuma ɗiga wani rini a ƙidaya daƙiƙoƙi nawa ruwan zai yi kafin ya tsage, in bai kai 10 ba akwai magana. Daga nan likita zai san ko magani mai kwantar da kumburi zai rubuta, ko zai toshe 'yar ƙofar nan ta wajen hanci don hawaye su daɗe, ko kuwa wata cuta ce a jiki ya kamata a bi. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido na manyan asibitoci. Amma wanda ya ji zafi mai tsanani, ko ganinsa ya ragu farat ɗaya, ko ya kasa duban haske, ko ya ga farin tabo bisa baƙin ido, wannan kada ya kwana, ya tafi asibiti ranar nan. A kuma sani, ga mutane da yawa ciwon nan lallaɓa shi a ke yi kamar faso, ba a rabuwa da shi gaba ɗaya, saboda haka kada a bar kula don an ji sauƙi.

Kiranmu na ƙarshe ga shugabanni ne. Hedimasta yana iya sa a yayyafa ruwa kafin shara, a goge allo da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma tura yaro mai dundumi ko mai yawan kwantsa asibiti tun da wuri. Babban akawu yana iya gyara zaman tebur da fanka, ya kuma daina ɗaukar wanda ya ɗaga kai daga aiki minti ɗaya a kan malalaci. Kwalejojin horon malamai kuma ya kamata su sa kula da ido cikin darasin kiwon lafiya, domin malami ɗaya da ya gane alamun nan zai tsare idanun yara ɗaruruwa. Ba mu roƙi a ware kuɗi ba, kula kaɗai mu ke roƙo. Allah ya bar mu da ganinmu, amin.