Kafin Ka Miƙa Wa Sabon Yaro Makullin Shago

Duk wanda ya taɓa riƙe shago a Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya san yadda ake karɓar sabon yaro. Ba a ba shi makullin durowar kuɗi ranar da ya zo. Sai ya yi shara, ya ɗauki kaya, ya je aike, maigida yana lura da hannunsa da bakinsa. Sai an ga kamun ludayinsa sannan a bar masa ciniki shi kaɗai. Wannan tsohuwar hikima nake so 'yan kasuwarmu su tuna, yanzu da wani sabon yaro ya shigo gari, wato ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI.

Tun da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022, aka fara ɗora wa wannan yaro aiki: rubuta wasiƙa, tsara talla, amsa wa masu saye, haɗa lissafi. Ba na cikin masu cewa a guje shi, domin yana rage wahala da kashe kuɗi. Amma a san halinsa. Asalin aikinsa shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan 'yar'uwarta, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da shi a kai. Don haka idan bai san abu ba, yakan ƙago amsa ya faɗe ta da gadara, kamar da shi aka yi.

A Nuwamban 2022 wani mutum a Kanada aka yi masa rasuwar kaka, ya shiga shafin kamfanin jirage na Air Canada neman tikiti. Manhajar amsa tambayoyi ta ce masa ya saya a cikakken farashi, daga baya cikin kwana 90 ya nemi rangwamen da ake yi wa waɗanda aka yi wa rasuwa. Ashe ba haka ƙa'idar kamfanin take ba. Da ya nemi haƙƙinsa aka hana shi, sai ya kai ƙara a lardin British Columbia. Kamfanin ya so ya ɗora wa manhajar alhakin maganarta. A Fabrairun 2024 aka yi watsi da wannan hujja, aka umarce shi ya biya mutumin dalar Kanada 812. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma hukuncin ya faɗi abin da kowane ɗan kasuwa ya sani: idan yaro ya sallama kaya, maigida ne ya sallama.

Haka aka yi da wasu lauyoyi a birnin New York a 2023. Sun miƙa wa kotu takarda ɗauke da tsofaffin shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙago, babu ko ɗaya da aka taɓa yi. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Da sun ɗauki awa guda sun bincika, da mutuncinsu ya tsira. Mu kuma da muke aiki da Hausa sai mun ƙara sa ido, domin rubutun Hausa da aka horar da waɗannan manhajoji da shi bai kama ƙafar na Turanci ba.

Sai batun sirri. A 2023 wasu ma'aikatan Samsung suka zuba bayanan sirrin kamfanin a ChatGPT don ya taya su gyara aiki, har ta kai kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. Abin da ka rubuta a ciki ya bar wayarka, ya sauka a kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa. Wanda ya kwafi littafin bashinsa, da sunayen mutane da lambobin wayarsu da na asusunsu, ya zuba a manhaja don ta yi masa jimla, ya fitar da amanar da aka ba shi. Kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da Dokar Kare Bayanan Jama'a, da hukumar NDPC mai ikon cin tarar wanda ya yi sakaci da su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne damfara. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya shiga taro ta bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗin kamfanin, ya ji muryarsa, ga kuma fuskokin abokan aiki. Dukkansu na bogi ne, da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa su. Ya tura kimanin dala miliyan 25. To, ina ga mu da cinikinmu ya dogara da saƙon murya a WhatsApp? Alhaji ya ce a tura wa wane miliyan uku, yaro ya ji muryar Alhaji ce, ya tura. Yanzu jin murya kaɗai bai isa shaida ba. Kowane gidan kasuwanci ya kafa ƙa'ida: ba a fitar da manyan kuɗi sai an kira maigida a lambar da aka san shi da ita, ko an tambaye shi abin da su biyu kaɗai suka sani.

Ga wasu matakan kariya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar jari. Ka fara ba manhajar aikin da ko ta yi kuskure ba za a yi asara ba. Duk abin da zai fita da sunanka, farashi ne ko alkawari ko yarjejeniya, wani mai hankali ya karanta shi kafin ya fita. Ka zaunar da yaranka ka faɗa musu abin da ba a zubawa a ciki. Ka kuma bar wa mai saye hanyar da zai sami mutum ya yi magana da shi.

Yaron shago idan ya daɗe ana yarda da shi, domin yana da iyaye da za a je wa, yana da suna da yake tsoron ɓatawa, yana tsoron Allah. Wannan sabon yaro ba shi da ko ɗaya. A sa shi aiki, a amfana da saurinsa, amma makulli ya kwana a aljihun maigida.